Lafiya Uwar Jiki: Ba kowane tari ne yake son kafso ba

Hunturu ya shigo, kuma duk mai lodin shinkafa a Yagwa ko mai tsallaka kogin Logon zuwa Bongor ya san abin da yake zuwa da shi: ƙura, mura da tari, ba yaro ba babba. A wannan lokaci ne kasuwar masu tallan magani a tire take ci. Mutum ya miƙa 'yan canji a ƙirga masa amoksisilin huɗu ko kafso ja da yalo, ya kora da shayi, ya hau mota.

Maganar da nake so mu riƙe ita ce: yawancin mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi kuwa antibayotik bakteriya yake kashewa. Bai san hanyar gidan bairos ba sam.

Annobar korona ta nuna mana girman matsalar. A watan Afrilun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin waɗanda aka kwantar a asibiti da korona, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai suke da bakteriya a tare da ita, amma kusan kashi 75 aka ba antibayotik, wai ko da wani abu. A yankin Afirka abin ya kai kashi 83.

To, wani zai ce: "Malam, ai na sha kafso na warke." Gaskiya ne ka warke, amma da ka huta ka sha ruwa, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma za ka warke haka nan. Abin da kafson ya yi shi ne koya wa bakteriyar jikinka jure magani. Ranar da za a nemi taimakonsa da gaske, sai ya ƙi ci. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019 kaɗai, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Amma fa kada a raina mura. Bairos kan raunata hanyar numfashi, sai bakteriya ta samu ƙofa ta shiga huhu, abin ya koma nimoniya. Yawancin waɗanda murar 1918 ta kashe, ta wannan hanya suka tafi. Alamun su ne: zazzaɓi ya sauka sannan ya dawo da ƙarfi, ciwon haƙarƙari, sarƙewar numfashi, ko yaro ya ƙi nono. Uwa, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50 ko fiye haɗari ne. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, a tafi asibiti a take, ko da dare ne.

A asibiti, likita ne zai saurari ƙirji, ya gwada jini don cire zazzaɓin cizon sauro, ya sa a yi hoto in da buƙata. A Garwa akwai reshen Centre Pasteur mai binciken ƙwayoyin cuta. In likita ya ce babu buƙatar antibayotik, kada mu ce bai iya aiki ba, ko mu fita mu saya a bayan idonsa. In kuwa ya rubuta, a sha yadda ya faɗa har iya kwanakin da ya ɗiba, kada a rage wa abokin tafiya.

Maigida, kafin ka kama hanya, bar wa iyali kuɗin mota da na ganin likita. Ya fi ledar kafso amfani nesa ba kusa ba. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.