Ilimin da Ya Kori Tsohuwa Daga Coci

Yau da samarinmu nake. Yaro ya yi wata shida a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya dawo sujadar Hausa a Agege yana yi wa iyayenmu gyaran addu'a a bainar jama'a, har wata tsohuwa ta daina zuwa don kunya. Wannan ilimi ne ko girman kai? Ku duba 1 Korintiyawa sura 8. Masu sani a Korinti sun gane gunki ba ya ƙazantar da nama, amma Bulus ya kwaɓe su, don cinsa yana sa raunana tuntuɓe. Malam, ko kai ke da gaskiya, ba ka fita ba. Je ka gidan Inna, ka durƙusa, ka dawo mana da ita ranar Lahadi.