Hauhawar farashi ta sauka a takarda, me ya sa kasuwannin yammacin Zamfara ba su shaida ba?

A watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, hauhawar farashin kayayyaki a Najeriya tana kan kashi 22.41 cikin 100, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana. Bayan an saki darajar Naira a watan Yuni, sai abin ya ci gaba da hawa har ya kai kashi 34.80 a Disambar 2024, na abinci kuwa ya kai kashi 39.84. A Janairun 2025 adadin ya faɗo zuwa 24.48, sannan ya sauka zuwa 18.02 a watan Satumba.

Faɗuwar ta Janairu ba daga kasuwa ta zo ba. Hukumar ce ta sauya ma'auninta: ta daina kwatanta farashi da na 2009 ta koma na 2024, ta kuma rage nauyin abinci a cikin lissafin daga kusan kashi 52 zuwa 40. Magidancin Bukkuyum da kusan duk abin da ya samu ke ƙarewa a tukunya, wannan ma'auni bai auna rayuwarsa ba.

Haka kuma, saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce, gudun tashin ne ya ragu. Kayan Naira 1,000 a ƙarshen 2023 ya zama na 1,348 bayan shekara guda. In aka ɗora masa kashi 18, ya kusa 1,590. Shi ya sa mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai cire ma'aikaci daga cin bashin mai kanti ba.

A Anka da Gummi da Bukkuyum akwai wani ƙari da Babban Bankin Najeriya ba ya iya taɓawa. Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa har zuwa kashi 27.5 domin rage yawan kuɗi a hannun jama'a, amma matsalar yankin ta ƙarancin kaya ce da haɗarin hanya. Manomin da ya biya 'yan bindiga haraji kafin shuka da kafin girbi dole ya fanshe a kan buhu. Direban da ke bin hanyar Anka zuwa Gummi yana lissafa fetur, yana lissafa ransa. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a Agustan 2024 ta ƙara wa Barno dawaki.

Sauƙin da hatsi ya yi a 2025, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, shi ma yana da kaifi biyu. Ma'aikaci ya ɗan sarara, amma manomi ya sayi taki da tsada ya sayar da amfaninsa da araha. In ya karaya ya rage gona, tsadar za ta dawo da ƙarfinta.

Don haka nauyin ya koma kan gwamnatin Dauda Lawal da ta Tarayya: tsaron gonaki da hanyoyin kasuwannin mako, da isar da taki kafin saukar damina. Ɗan kasuwa ya yi hattara da ɓoye hatsi da kuɗin bashi, domin farashin da ya tashi jiya yana iya karyewa gobe. Ma'aikaci kuma ya auna albashinsa da kwanon gero, domin shi ne ma'aunin da ba a sauya masa shekara.