Launi Ba a Cikin Gwangwani Yake Ba

Makon jiya na tarar da wani maƙwabcina a Daura yana ta faɗa da mai fentin da ya yi masa zaure. Ya ce shi ruwan madara ya zaɓa a shago, amma ga bango ya fito kamar ruwan ɗorawa. Shi kuma yaron yana ta rantse-rantse. "Wallahi Alhaji, gwangwanin da ka ba ni shi na shafa, ban ƙara komai ba." Na tsaya na duba. Babu maƙaryaci a cikinsu. A ƙarƙashin farin ƙwan lantarki Alhaji ya zaɓi fentin, yanzu kuma yana kallonsa da la'asar sakaliya, rana ta yi ja tana dukan bangon kai tsaye. Na ji tausayin yaron ƙwarai, domin a kan laifin da ba nasa ba ake neman rage masa kuɗin aiki.

Abin da ido ke gani haske ne da ya bugi abu ya dawo. Ibn al-Haytham ya bayyana haka a littafinsa Kitab al-Manazir a Alƙahira, kusan shekara 1,000 da suka wuce. A 1666 Isaac Newton ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya ga farin hasken ya warwatse zuwa launukan bakan gizo. Ke nan bango ba zai dawo da launin da hasken bai zo da shi ba. Shi ya sa rigar shuni take komawa baƙa a gaban fitilar kananzir, don shuɗin da ke cikin harshen wutar kaɗan ne. Lambar nan da ke jikin kwalin ƙwan lantarki, wadda ba ma dubawa, ita ke faɗin irin hasken: 2700K mai ruwan ɗorawa ne, 6500K kuwa fari ne tas mai ɗaukar shuɗi.

Magabatanmu magina ba su karanta littattafan waɗannan masana ba, amma sun san rana. Je ka tsaya a ƙofar fadar Sarkin Daura da hantsi, ka koma bayan la'asar, ka dubi zanen da ke fuskar ginin. Launukan ba za su yi maka magana iri ɗaya ba. Zanen gida na gargajiya tudu da kwari ake yi masa a jikin yaɓe tun yana ɗanye, saboda inuwa ita ce rabin adon. In hazon hunturu ya sauko, inuwar ta dushe, sai ka ga zanen ya kwanta kamar an goge shi. Ka kuma lura da inuwar zankwaye a kan farin bango da yamma: ba baƙa ba ce, shuɗi-shuɗi take, domin shuɗin sararin sama ne ke haska wurin da rana ba ta kai ba. Yaranmu masu koyon zane baƙin fenti suke zubawa a inuwa, hoton ya mutu a hannunsu.

Launi ma yana canjawa da abin da ke kusa da shi. Chevreul, shugaban marinar Gobelins a Faris, shi ya rubuta wannan a 1839. Duk wanda ya kalli hawan Sallar Gani ya gani da idonsa: jan rigunan dogarai ya fi ruruwa a inda kore ya raɓe shi.

Ina roƙon malaman zane a makarantunmu su fitar da yara daga aji, su ajiye musu tulu ɗaya a tsakar fili, su zana shi da safe, su sake zana shi da yamma. Masu gida kuma su bar mai fenti ya shafa taki ɗaya a bango tukuna, a kwana biyu ana dubawa, da rana da kuma ƙarƙashin ƙwan da za a riƙa kunnawa a ɗakin. Alhaji dai ya yarda an bar zauren zuwa wayewar gari. Da hantsi ya aiko a kira ni, na same shi tsaye a gaban bango mai ruwan madara, ya biya yaron kuɗinsa cif.