Wa Zai Riƙe Jakar Jam'iyya?

Jama'a, ran Asabar da ta wuce na halarci zaɓen Jam'iyyar Kimiyya ta kwalejinmu, na ga wani abu wanda har na komo gida Alkalawa ina ta juya shi a zuciya. Da aka ce wa ke son shugabanci, samari suka yi ta miƙewa. Da aka zo kan ma'aji da magatakarda kuwa sai ɗaki ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Wani ma ya ce wai shi ilmi ya kawo shi, bin mutane bashi ba aikinsa ba ne.

To, ɗan'uwa, bari in ba ka labarin wata jam'iyya wadda ta fi tamu nesa ba kusa ba. A cikin 1660 waɗansu masana suka taru a Landan suka kafa jam'iyyar binciken halittu, wadda ake kira Royal Society. A 1662 Sarki Charles na 2 ya ba su takardar izni, amma bai yanka musu albashi ba, ba kamar Sarkin Faransa ba wanda ya riƙa biyan masanan jam'iyyar da aka kafa a Faris a 1666. Saboda haka suka aza wa kowane ɗan jam'iyya sule 1 a mako, watau fam 2 da sule 12 a shekara. Da wannan za a sayi kayan gwaji, a biya ma'aikata.

Kada ka ce manyan mutane ba su cin bashi. Da yawansu suka daina biya, bashi ya taru, ma'aji ya yi ta aike ba amsa. Niyuton da kansa, wanda muke koyar da dokokinsa a aji, a 1675 sai da aka yafe masa sulen nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na 1686. Jam'iyyar ta kwashe abin da ke jaka ta buga wani ƙaton littafi a kan kifaye, cike da zane-zane masu tsada, sai littafin ya ƙi sayuwa. Ana cikin haka Niyuton ya aiko da babban littafinsa, wanda ya bayyana ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, ya kuma riƙe wata da taurari a hanyarsu. Aka duba jaka, wayam. Akawun jam'iyyar, Edmond Halley, mutumin nan da aka sa wa tauraro mai wutsiya sunansa, shi ya ɗauki nauyin bugawa daga aljihunsa, littafin ya fito a 1687. Shi kuwa da aka yi masa alkawarin fam 50 a shekara, sai aka ce ya karɓi littattafan kifi a bakin albashinsa. Ko ya ci su ne, oho!

Me ya sa muka san duk wannan yau? Domin magatakardansu ba su yi wasa ba. Sukan rubuta gwajin da aka yi, da abin da aka kashe, littattafan kuma suna nan a ajiye har yanzu. Magatakarda na farko, Henry Oldenburg, shi ya fara buga mujallarsu a 1665, ga ta nan ba ta mutu ba.

Mu fa? Tun bara muke cewa za mu je mu ga madatsar ruwa ta Kiri a kan kogin Gongola, kuɗin mota ya gagara. An karɓi wani abu a hannun waɗansu, ba wanda ya san nawa ne, don ba a rubuta ba. Ban ce wani ya ci ba. Amma inda babu littafi, mai gaskiya ma ba shi da abin da zai kare kansa, shi ya sa kowa ke gudun jakar.

Ga shawarata. A yanka abin da ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya biya kowane mako, wanda ba shi da hali ya faɗa a yafe masa a fili kamar yadda aka yi wa Niyuton. Kada a fid da ko naira ɗaya sai da hannun mutum biyu, ma'aji kuma ya karanta lissafi gaban jama'a ƙarshen kowane wata. In an yarda da wannan, ni zan karɓi aikin magatakarda a zama mai zuwa, na riga na sayi littafin a kasuwar Jimeta. Saura ma'aji.