Muhalli Da Sufuri: Ma'aunin Ɗan Takarar Kansila

Abu biyu ne suke cinye ɗan abin da matashi yake samu a birnin Kano: kuɗin hayar gida da kuɗin mota. Sau nawa aka sa ranar aure aka ɗaga, ba don komai ba sai don ango ya rasa ɗaki ciki da falo? Wanda hayar Fagge ko Gwale ta gagare shi sai ya nausa Rimin Kebe, Bachirawa ko Panshekara, amma abin da ya rage a haya a can yake ƙarewa a hannun mai adaidaita sahu, kullum safe da yamma. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuwa sai da ta haura naira 1,000.

Abin takaici, idan zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, ba wanda yake tsare ɗan takara a kan waɗannan abubuwa biyu. Taliya da sabulu da ɗan kuɗin shan mai sun isa a ɗaga hannunsa, alhali kujerar kansila ita ce mafi kusa da ƙofar gidan talaka.

Wajibi ne 'yan uwa matasa su san abin da ke hannun ƙaramar hukuma, don kada a yaudare su. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kafa tashoshin mota da kasuwanni da kula da su, gina titunan unguwanni da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, har da sa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta bar filayen birni a hannun gwamna, waɗanda ba na birni ba a hannun ƙaramar hukuma. Saboda haka duk ɗan takarar kansilan da ya ce zai raba filaye a tsakiyar birni, ƙarya yake yi. Amma wanda ya ce zai tsaya a bar titi da kwata a filayen awon igiya kafin a aza tubali, ya matsa wa hukumar KNUPDA ta yanka ƙananan filaye daidai ƙarfin talaka, ya ware wurin tasha a sabuwar unguwa don bas ta sami inda za ta juya, to wannan ya san aikinsa.

Muhalli da sufuri Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Unguwar da lungunanta ba sa ɗaukar mota, bas ba za ta shige ta ba har abada. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, nauyin birnin ya koma kan adaidaita sahu, alhali bas guda tana kwashe abin da adaidaita goma za su ɗauka, a kan kuɗin da bai kai nasu ba. Haka ma gidaje. Rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyau, amma kuɗinsu ba na mai faci ko ɗan dako ba ne. Abin da sabon ango yake bukata shi ne ɗakunan haya su yawaita kusa da hanya, har masu gida su koma neman ɗan haya.

Wani zai ce wannan duk ɓata lokaci ne, tun da a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP mai mulkin jihar a lokacin ita ta kwashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484 baki ɗaya, kamar yadda jam'iyyun gwamnoni suka saba yi a sauran jihohi. Maganarsa tana kan hanya. Amma abin da hakan yake nunawa shi ne a mazaɓa ake yin zaɓen gaskiya, lokacin fitar da ɗan takara, kuma nan ne matasa suke da yawa da murya. Ƙari a kan haka, ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Gwamnoni sun yi ta jan ƙafa, amma wa zai nemi a cika hukuncin idan majalisar cike take da 'yan amshin Shata?

Don haka tun kafin a buga gangar zaɓe mai zuwa, matasan kowace mazaɓa su haɗa kai su gayyaci masu neman kujera gaban dattawan unguwa. A tambayi kowanne: wane titi zai buɗe, ina zai sa tasha, me zai yi a kan awon igiya? A rubuta amsarsa, ya sa hannu. Wanda ya amsa da hujja a mara masa baya ko daga wace jam'iyya yake, wanda ya kama kame-kame a bar shi da taliyarsa. Allah Ya ba al'umma shugabanni masu tausayin talaka, amin.