Ɗaga Hilux bai hana ni kafewa ba, ƙwai kawai ya fasa min



Yau maganar mota zan yi. Tunda damina ta kankama, mutum uku suka yi min tambaya iri ɗaya: hanyar gonarsu ta lalace, mota tana kafewa, an ba su shawara su kai ta gareji a ɗaga ta, me na gani? Amsata ita ce kar ka ɗaga, sai fa in ka auna ka tabbatar tsayi ne matsalarka, kuma kana da kuɗin canza shokazoba a ranar da za a ɗaga ɗin. Na san masu son mota ba za su ji daɗin wannan magana ba. Ni ma wallahi ina son in ga Hilux ta miƙe tana kallon sauran motoci daga sama. Amma kiret-kiret na ƙwai na yi asara kafin in gane, shi ya sa nake da bakin magana.

Motar ta kawuna ce, Hilux ƙirar 2008 mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ake kira Vigo. Yana ba ni ita kwana uku a mako in kai ƙwai gari in dawo da abincin kaji da na kifi. Daga kwalta zuwa gonarmu kilomita bakwai ne, kuma akwai wani kwari da manyan motocin yashi suka haƙe, suka bar layin taya biyu masu zurfi da tudu a tsakiya. A watan Agustan bara sau biyu ina kwana a tunanin yadda za a fito da motar daga wurin. Na samu wani bakanike, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Yallaɓai, ai motar nan ta zauna. A ƙara mata ganyen sifirin biyu-biyu a baya, a tsawaita maratayinsa, a sa mata zobe a gaba, ka ga an wuce wurin." Na tambaye shi shokazoba fa? Ya ce ai lafiyarsu ƙalau, a bar su. Na ji daɗi don kuɗin ya ragu.

Ranar da na ɗauko ta har hoto na yi mata. Kafin in kai gona na fara jin wani "ƙwas" daga baya duk lokacin da taya ta faɗa rami. Na ce sabon aiki ne, zai zauna. Cikin mako shida shokazoba ɗaya ta baya ta jiƙe sharkaf da mai, ɗayar kuma robar kunnenta ta yage. Hajiyar da ke sarin ƙwai a wurina, wadda a da ba ta ware min fiye da 'yan ƙwayaye masu tsaga, ta fara ware kiret guda, wata rana biyu. Ta ce, "Ɗana, ko dai kajin naka ba sa samun ƙashi a abinci ne?" Har na je na ƙara musu garin ƙashi da ɓawon kawa, alhali kajin ba su da laifin komai. Abin da ya fi ƙona min rai, a kwarin nan dai na sake kafewa, a daidai inda na saba.

Sai daga baya na zauna na fahimci abin da na yi wa motar.

Mu fara da dalilin kafewar. A bayan Hilux akwai aksil guda da ya haɗa tayoyin biyu, a tsakiyarsa akwai wannan tulun ƙarfe da farfela ke shiga. Shi ne ya fi komai kusa da ƙasa a baya, kuma shi ne ke zama a kan tudun tsakiyar hanya har tayoyi su riƙa juyawa a banza. To tulun nan a kan taya yake, ba a kan sifirin ba. Ko inci goma ka ɗaga bodi da shasi, yana nan inda yake. Abin da kawai ke ɗaga shi shi ne taya mai tsayi, ita ma rabin abin da ta ƙaru kake samu. Misali, in ka tashi daga 265/65 R17 ka koma 265/70 R17, tsayin tayar gaba ɗaya ya ƙaru da kusan milimita 27, tulun kuma ya tashi da milimita 13 kacal. Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi a waya. Ni da na karanta harkar kasuwancin noma, aka koya min in lissafa komai kafin in kashe kuɗi, ban yi shi ba.

Yanzu ita shokazoba. Da yawanmu muna ɗauka ita ke ɗaukar kaya. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Aikin shokazoba shi ne ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan an taka rami. A cikinta akwai sanda da ke tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar ya koma zafi. Kuma tana da iyaka biyu: iyakar tsukewa da iyakar miƙewa. Kamfani ya auna ta yadda idan mota na tsaye, sandar tana wajen tsakiya, tana da wurin shiga idan an hau tudu, tana da wurin fita idan taya ta faɗa rami.

A ce tafiyar sandar inci takwas ce, huɗu sama huɗu ƙasa. Ka ɗaga bayan mota inci uku ka bar tsohuwar shokazoba. Tun motar na tsaye ka riga ka cinye uku daga cikin huɗun miƙewa, saura ɗaya. Duk ramin da ya wuce inci ɗaya, taya za ta nemi sauka, shokazoba ta kai ƙarshe ta fizge ta. Wannan shi ne "ƙwas" ɗin da nake ji. Nauyin aksil da tayoyi da ƙarfin sabon sifirin duk suna rataya a kan 'yar sandar da ba a yi ta don haka ba, sau ɗaruruwa a tafiya ɗaya. Daga nan roba ta yage, mai ya fara yoyo, wani lokacin kunnen da aka ɗaura ta ya tsage. Kuma a duk lokacin da aka fizge tayar, ta bar ƙasa ke nan na ɗan lokaci, babu birki babu riƙo a wannan ƙafar.

Gaba kuma wani labarin ne, don daga Vigo zuwa sama kowace ƙafar gaba zaman kanta take, shokazoba tana cikin sifirin mai murɗi. Zoben da ake sawa iri biyu ne. Akwai wanda ake cusawa ya matse sifirin, shi yana jawo irin matsalar da na faɗa, sanda ta zauna kusa da ƙarshen miƙewa. Akwai wanda ake ɗorawa a saman duka, shi kuma yana tura komai ƙasa, ta yadda in ka daki babban rami da gudu shokazoba za ta iya tsukewa har ƙarshe kafin robar da aka sa don tare dukan ta taɓa, sai ita ta sha dukan. Sannan ku lura, a gaba zoben inci ɗaya yana ɗaga mota kusan inci biyu saboda yadda hannun ƙafar yake. Wanda ya ce a sa masa zoben inci biyu "don ta tashi sosai" ya karkatar da shaf da boljoyin fiye da ƙima. Robar shaf ɗina ta hagu ba ta kai ƙarshen damina ba.

Abin da ya shafe mu mu masu kiwo kai tsaye shi ne irin kayan da muke ɗauka. Ƙwai ba shi da nauyi. Kiret ɗaya mai ƙwai 30 bai wuce kilo biyu ba, kiret 200 wajen kilo 400 ke nan, bai kai rabin abin da motar za ta iya ɗauka ba. Ganyen sifirin da aka ƙara min na masu lodin siminti ne. Kilo 400 ba ya ko lanƙwasa shi, sai bayan motar ya zama kamar amalanke, duk dukan da hanya ta yi ya wuce kai tsaye cikin kiret. Haka 'yan tsaki a kwali, haka 'ya'yan tarwada a jarka. Kifin da ya sha jijjiga na awa guda ga zafi, ko bai mutu a hanya ba, za ka ga sakamakon a kwana biyun farko bayan ka zuba shi, kuma mai ƙyanƙyasa za ka zarga.

Masu ɗaukar ruwa ku ma ku ji. Tankin lita 1,000 tan guda ne cif, kusan duk abin da aka yarda Hilux ta ɗauka. In bai cika ba ruwan yana kai-komo, in an sha kwana ya taru a gefe guda. Ka ɗora wannan a kan motar da aka ƙara wa tsayi, shokazobarta ta mutu, a hanyar da gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Ban faɗi ba, Allah ya tsare, amma akwai ranar da na ji ƙafar dama ta yi sauƙi, yaron da ke tare da ni ya yi salati da ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da bakaniken bai ko ambata ba. Yawancin tsofaffin a-kori-kura marasa ABS suna da wani bawul a baya da aka haɗa da aksil da ɗan ƙarfe. Idan kaya ya danne mota, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan babu kaya ya rage. Ka ɗaga mota ba ka daidaita shi ba, kullum zai ɗauka motar fayau take ko da buhu 30 na abinci ne a kai. In motarka tana da shi, ka sa a duba.

Zan yi adalci, akwai inda ɗagawa ke da amfani. In hanyarka tana da rafi mai gangare inda cikin motar ko bambar baya ke dukan ƙasa, ko kullum kana cikin lodi mai nauyi, inci biyu zai taimaka. Motocin da ake shirya wa daji da sahara ana ɗaga su, kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 na Ostireliya sana'arsu ke nan. Sai dai su saiti suke sayarwa, sifirin da shokazobar da aka auna tare, kuma sai an tambaye ka nauyin da kake ɗauka kullum kafin a zaɓa maka. Kuɗin saitin kuwa, ga mai kaji 500, zai sayi abincin makonni. Abin da ake yi mana a gefen titi rabin aikin ne, rabin da ido ke gani.

In ka nace sai ka ɗaga, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. A sa jak a shasi a ɗaga har tayar baya ta rataya, a kwance shokazoba daga ƙasa. In aksil ya ƙara sauka sosai bayan an kwance ta, har ya zama sai an danno shi sama kafin ƙusar ta shiga, ta yi gajarta ke nan. A duba tiyon birki shi ma, kar ya zama a miƙe kamar tsirkiya. Kuma kar a ce tunda gajarta ce matsala a samo doguwa ko ta wace mota ce a Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗaura. Wadda ta yi tsawo da yawa ita ma za ta daki ƙarshenta ta ɗaya ɓangaren idan aka yi lodi. A tafi da tef, a auna tsawonta a tsuke da a miƙe. Bayan an gama a kai ta alaimen, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya.

Sau da yawa ma motar da ake cewa "ta zauna" sifirinta ne ya gaji da shekaru. Mayar da ita tsayinta na asali da sifirin daidai nata da sabuwar shokazoba mai gas ya wadatar. Abin da muka yi daga ƙarshe ke nan. Da na je wa kawu da bayani, ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, injiniya, kuɗin gyaran daga ribar ƙwai zai fito ko daga aljihuna?" Daga ribar ƙwai ya fito. Aka cire ganyen da aka ƙara, aka cire zoben gaba, aka sa shokazoba huɗu sababbi da robar shaf. Ranar kai ƙwai ina ɗan rage iskar taya kafin in hau hanyar burji, in mayar idan na hau kwalta, kiret kuma a jera su kusa da kan mota a kan buhunan ɓuntun shinkafa, a ɗaure su kar su motsa.

Kwarin kuwa, mu huɗu masu gonaki a layin muka haɗa kuɗi aka zuba tifa biyu ta marmara da ɓaraguzan bulo, muka sa yara suka baje tudun tsakiyar da shebur. Kason da na biya bai kai kuɗin shokazoba ɗaya ba. Bana sau ɗaya na kafe, shi ma wata tifar yashi ce ta mutu a kan hanya na ratse ta cikin gonar masara.