Dutsen Mars: mu jira shaida ta cika

'Yan'uwa matasa, a watan Satumba na 2025 hukumar NASA ta Amurka ta sanar da wani abu game da duniyar Mars, maƙwabciyarmu. Na'urarta mai suna Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero a 2021, ta ci karo da wani dutse mai dabbare-dabbare kamar fatar damisa a Yulin 2024. A nan duniyarmu, ƙananan ƙwayoyin halitta sukan bar irin ma'adinan da ke cikin waɗannan ɗigo-ɗigon. Abin da masanan suka faɗa shi ne: mai yiwuwa alamar rai ce ta zamanin da. Ba su ce sun ga rai ba.

Mu a ganinmu wannan taka-tsantsan daidai ne, domin an taɓa yin ɗoki a baya. A 1976, wani gwaji da na'urorin Viking suka yi wa ƙasar Mars ya nuna kamar akwai abu mai rai, amma daga baya yawancin masana suka jingina sakamakon ga sinadaran da ke cikin ƙasar. A 1996 kuma aka ce an ga burbushin ƙwayoyin halitta a wani dutsen Mars da aka tsinta a Antaktika, har Shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a kai. Bincike ya nuna irin waɗannan siffofi suna iya samuwa ba tare da rai ba.

Saboda haka abu biyu muke roƙon junanmu. Na farko, kada mu tura saƙon "an gano halittu a Mars" a WhatsApp. Ƙara gishiri a labari shaidar zur ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Na biyu, kada tsoro ya sa mu ce duk binciken ƙarya ne. In ma an tabbatar da ƙwayar halitta a can, ba za ta rage ɗaukakar Mahalicci ba. Wanda ya yi wannan duniya shi ya yi waccan.

Perseverance ta haƙo ɗan ɓangaren dutsen ta rufe a bututu. Sai an kawo shi ɗakunan gwaji na duniyarmu za a iya yi masa binciken ƙwaƙwaf, kuma hakan zai ɗauki shekaru. Mai haƙuri ne kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ubangiji ya ba mu harshen da ba ya wuce abin da muka sani. Amin.